Sarƙar Taya a Ƙofar Shagon Alhaji

Rukaya tana tsaka da yanke wa tsohuwar da take kula da ita farce wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, Gafaru, wanda ya bar gida kwana uku da suka wuce da tirela ya nufi yammacin Amurka. Ba ya kiranta a wurin aiki sai da dalili.

"Maman Rafia, kina jina?"

Da ƙyar take jinsa. Wani gurnani ne ke bin bayan muryarsa kamar an kunna injin niƙa.

"Ƙarar mene ne wannan?"

"Iska ce. Ina kusa da Denver, inda manyan motoci ke tsayawa. Tun safe ƙanƙara ke zuba, kuma a kwance take tafiya, ba ka ganin motar da ke gabanka. Tirela biyu na wuce a kife. Direbobi sun ce in ka hau duwatsu abin ya fi haka muni."

"To ka zauna mana. Ba sai Litinin za a sauke kayan ba?"

Ya yi gyaran murya. Ta san wannan gyaran muryar, shekara goma sha ɗaya tana zaune da shi.

"Kawu ya ce in wuce. Gobe ne sunan."

Ta ajiye abin yankan farcen a hankali. Kawu shi ne Alhaji Tajuddeen, ƙanin mahaifiyar Gafaru, wanda ya kawo shi daga Kumasi, kuma shi ne mai motar. 'Yarsa Firdausi ta haihu a Salt Lake City, can bayan duwatsun. Ranar da aka ji Gafaru ya samu lodin wajen, matan unguwannin Harlem da Bronx suka yi ta zuwa da saƙo: atamfar anko, busasshen kifi, daddawa, soyayyen yajin nan shito, har da tukwane biyu masu cin rabin buhun shinkafa. Tun a Zongon Kumasi haka ake yi. In motarka za ta garin da ake da ɗan'uwa, ba ka cewa babu wuri.

"Ka ɗaura wa tayoyin sarƙar hana santsi?"

"Ba ta cikin motar."

"Ban ji ba."

"Bayan motar a rufe yake da hatimin kamfani, ba a buɗewa. Ɗakin kwanana na cikin motar ya cika. Sai Kawu ya sa aka fitar da sarƙoƙin daga akwatin gefe aka zuba tukwane. Ya ce Afrilu ya shigo, sanyi ya wuce."

"Kai kuma kana tsaye kana kallo?"

"Kawu ne fa, Rukaya."

"Baban Rafia, saurara. Kada ka taɓa makullin motar nan sai na kira ka."

"Na ce masa da na yi azahar zan tashi."

"To ka tsawaita alwala."

Allah ya taimake ta Akua, mai karɓarta aikin yamma, ta shigo a daidai lokacin. Rukaya ko rigar aiki ba ta cire ba ta faɗa jirgin ƙasa zuwa Harlem.

Da ta fito a titin 125th sai ranta ya ƙara ɓaci. Rana ta fito tas, itatuwa sun yi fure, 'yan mata na yawo da riga mai gajeren hannu, mai askirim ya cika unguwa da kiɗansa. Wato wannan ranar Alhaji ya kalla ya yanke wa ƙasar Amurka gaba ɗaya hukunci. Mutumin da shekara ashirin da shida bai taɓa wuce New Jersey da ke nan maƙwabta da mota ba.

An sauko daga masallacin Juma'a, dattawa biyar sun zauna cikin shagon Alhaji suna cin wake da shinkafa. An buɗe ƙofa don iska ta shiga. Abin da aka tokare ƙofar da shi ne ya tsayar da Rukaya cak: wani buhu mai maiƙo, bakinsa a buɗe, ƙarfe na leƙowa.

Ta kama bakin buhun da hannu biyu. Nauyinsa ya kusa tsinka mata kugu, amma ta ja shi ƙiii har tsakiyar shagon, ta kifar. Sarƙoƙin suka zube a gaban kwanon abinci, ƙofar ta rufe kanta da ƙarfi.

"Salamu alaikum, iyayena."

Alhaji Tajuddeen ya tsaya da cokali a hannu. Babban mutum ne mai farin gemu, yana cikin shadda ruwan toka.

"Ke Rukaya, lafiyarki kuwa?"

"Lafiyata ƙalau, Baba Alhaji. Ta mijina nake tambaya. Wannan ba a motarsa ya kamata ta kasance ba?"

"Au, ƙarata ya kai miki? Yaran zamani! Ɗan yayyafi ya gani ya kira matarsa."

Biyu daga cikin dattawan suka yi dariya. Ɗaya bai yi ba. Malam Saani ne, wanda ya tuƙa tirela shekara goma sha takwas kafin bayansa ya hana shi. Ya sa ƙafa ya juya sarƙar.

"Alhaji, yaron yana ina yanzu?"

"Denver. Awa takwas ya rage masa, ba wani abu ba."

"Ta kan duwatsu? Babu wannan?" Malam Saani ya ture kwanonsa. "Can watan nan ne mugun wata. Da safe rana, da azahar ƙanƙara mai nauyi kamar jiƙaƙƙen gari. Ta narke, ta sake daskarewa, kwalta ta koma gilashi ba ka sani ba. Ni a watan Mayu na taɓa kwana biyu a gefen hanya."

"Saani, kai ma? Ka leƙa waje ka gani mana!"

"Waje Harlem ne, Baba Alhaji," in ji Rukaya. Ta danna kiran bidiyo ta ɗaga wayar sama yadda kowa zai gani. "Baban Rafia, juya musu wayar."

Fuskar Gafaru ta ɓace, allon ya koma fari fat. Da farko sun ɗauka wayar ce ta lalace. Can sai suka hango inuwar wata tirela a tsaye, iska na girgiza ta kamar kwali, wani mutum ya rungume ƙarfen fitila don kada a tafi da shi.

Alhaji ya gyara hula. "Allah ne mai tsarewa. Wanda kwanansa bai ƙare ba ko cikin teku ya faɗa zai fito."

"Haka ne. Shi ya sa kake kulle shagon nan da kwaɗo uku kullum."

"Ke! Ni kike faɗa wa magana? Mata arba'in sun ba da saƙo, Hajiya tana can tana jira, surukai sun taru. A yi sunan jikana na fari babu anko, babu tukunya? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da wane ido za ka kalli Rafia in ubanta bai dawo ba?"

"Kawu, ka yi haƙuri," muryar Gafaru ta fito daga wayar. "Ba ni na aiko ta ba. In ka ce in tafi, zan lallaɓa a hankali."

Rukaya ta ji kamar ta jefa wayar a bango. Zai tafi ɗin kuwa. Mutumin da bai taɓa zama a kujera Kawu yana tsaye ba, zai hau dutse da tirela saboda busasshen kifi, yana bismilla. Roƙonsa ɓata lokaci ne. Ta ajiye wayar a kan teburin shagon, daidai gaban Alhaji.

"Ka ji shi. Maganarka yake jira, ba tawa ba. To ka faɗa masa. Amma ba a waya kai da shi ba kamar ɗazu. A nan, gaban Malam Saani da iyayen nan da kuka yi sahu ɗaya yau. Ka ce: Gafaru, sarƙarka tana shagona, ka hau dutsen. In ka faɗa, wallahi ba zan ƙara cewa uffan ba. Su ne shaidu, duk abin da ya biyo baya su za su ba yayarka, uwarsa, labari a Kumasi."

Alhaji ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai tsawata mata. Wanda ya fi kowa dariya ɗazu ya sunkuyar da kai yana tsince ƙashin kifi. Malam Saani ya harɗe hannu ya zuba masa ido.

"Kawu?" in ji Gafaru. "Ƙarfe ɗaya ta kusa a nan."

Alhaji ya sunkuya kan wayar, ya yi magana ta tsakanin haƙora.

"Ka zauna inda kake. Sai hanya ta gyaru, sai ka sayi wata sarƙar."

"To, Kawu. Na gode, Kawu."

Rukaya ta ɗauki wayarta. Sai a lokacin ta lura tafin hannunta ya yanke, jini ya ɓata aljihun rigar aikinta. Ta juya za ta fita.

"Ke 'yar nan," Alhaji ya kira ta, cikin fushi. "Kin tozarta ni a shagona. In mijinki ya dawo, ki ce ya kawo min makullin motata. Na gama da shi."

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta rusuna kamar yadda aka koya mata a gida.

"Zai kawo maka, Baba Alhaji. Da ƙafarsa zai shigo ya miƙa maka."