Inda Na Tsaya

Ranar da maƙwabcina Mai Hoto ya faɗi a ɗakinsa, hoton matata na cikin aljihun rigarsa. Da shi aka sauko da shi daga bene, da shi aka sa shi a mota.

Ni na fara ganinsa. Ƙofarsa na kallon tawa, tsakaninmu ɗan baranda ne da tukunyar fulawar da ta bushe tun bara, ba wanda ya yarda tasa ce balle ya zubar. Na tsallaka da safe in gaya masa wata magana, na tarar da ƙofa a buɗe, shi kuma a ƙasa tsakanin tebur da taga, takalmi ɗaya a ƙafa. Shayinsa ko hucewa bai yi ba. Na kira 'yarsa Auta, wadda ke zaune a hawan ƙasa da mijinta, na matsa gefe na ba masu ƙarfi wuri.

Ga yadda hoton ya je aljihunsa.

A ɗakin karatu na gari na yi aiki har na yi ritaya. Na karanta abin da ya isa ya hana mutum jin daɗin hira da maƙwabta, tun da matata ta rasu kuma na daina gwadawa. Mai Hoto bai taɓa lura da haka ba. Shagonsa ya rufe da kowa ya koma ɗaukar kansa da waya, sai ya nemo wa kansa wahala: kangon da ke kan tudu bayan gari, tsohon ginin dutse da masana suka gaji da gardama a kan wanda ya gina shi. Yakan nemo tsohon hoton wurin, ya je ya ɗauki sabo daga daidai inda mai ɗaukar farko ya tsaya, ya buga su biyun a kan leda mai shara-shara, ya ɗora ɗaya kan ɗaya a gilashin tagarsa. In rana ta bugo, sai bangon da ya zube ya miƙe a kan tarin duwatsunsa. In kuwa an kuskure wurin tsayuwa ko kaɗan ne, ginshiƙi ɗaya sai ya fito biyu, kamar ganin mashayi.

Ya gama kowane ɓangare sai babbar ƙofar kangon, mai sama a lanƙwashe kamar baka, wadda ta rufta tun muna da sauran ƙarfi. Ya nemi hotonta ya rasa. Wata rana ya shigo aron filaya, ya tsaya a gaban kantata, inda hoton yake, ya manta abin da ya kawo shi.

"Farfesa," haka yake kirana don ya san ba na so, "wannan ba ƙofar kango ba ce?"

"Matata ce."

"Na gan ta, Allah ya jiƙanta. Abin da ke bayanta nake nufi."

"Kai ne namiji na farko da ya kalli hoton nan ya ga bango."

Ya nemi aron hoton, na hana shi. Shi kaɗai ne hotonta da take dariya a ciki. Sauran duk na katin shaida ne da na taron dangi, inda take tsaye kamar ana mata shari'a. Ya roƙa, ya aiko min da lemo, na sha lemon na sake hana shi.

Auta ce ta tare ni a matakala. "Kawu, likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Bai san na gaya maka ba. Ƙofar nan kaɗai ta rage masa."

Da yamma na kai masa, da sharaɗi: ba yanka, ba gogewa, kuma a bar ta inda take. Ya sa shi a 'yar jakar leda ya zura a aljihun gaba. Daga nan bai ƙara fita ba tare da shi ba.

Sai ya zama ni ma an ɗauke ni aiki ba albashi. Mukan hau tudun da hantsi, don a lokacin inuwa take faɗuwa yadda ta faɗi a tsohon hoton. Ya miƙo min sanda ya ce in tsaya inda ta tsaya.

"Matsa dama. Kai, dama irin ta mutane, ba ta littafi ba." Ya leƙa kyamara, ya leƙa hoton. "Wai a ina ka tsaya ranar da ka ɗauke ta?"

"Inda aka ce in tsaya. Kai ba ka yi aure ba ne?"

Ya kawo hoton kusa da hancina, ya nuna min da farce. "Duba, ana ganin cikin bakar. Daga ƙasa aka ɗauka. Ko dai ka sauka gangare, ko ka durƙusa." Ya dube ni daga hula har takalmi, ya yi dariya har tari ya kama shi. "A'a. Kai da ko makulli ya faɗi sai ka jira mai wucewa? Gangare ne."

Ban musa ba. Gaskiya ban tuna ba, kuma bayanin bai ɓata min rai ba.

To haka ya yi ta sauka gangaren, kowane zuwa ya ƙara nisa, yana jan ƙafafun kyamara cikin ƙaya. Hawowar ce matsala. Yakan zauna a kan dutse leɓensa ya yi baƙi, ni kuma in tsaya da sanda ina kallon wani wuri. Mu koma gida, ya buga, ya manna a taga. Ginshiƙai biyu. Ya ɓare ya ce, "Saura kaɗan."

A safiyar da nake magana, ƙwayar maganina ce ta gangara ƙarƙashin gado. Ba mai wucewa a ɗakin wanda matarsa ta mutu. Na durƙusa na lalubo ta, na ɗaga kai, sai na ga ƙasan katakon da ke saman ƙofata, wanda ban taɓa gani ba duk zamana a ɗakin. Nan take muryar matata ta dawo, ta ranar hoton: "Ka yanke min ƙofar. Durƙusa mana, ƙasar ba za ta cinye ka ba." Farin wando ne a jikina ranar. Na durƙusa da shi a cikin ƙura, taku kaɗan daga gabanta. Dariyar da ke hoton, ni ake yi wa.

Maganar da na tsallaka in gaya masa ke nan.

Na je asibiti da la'asar. Ya farfaɗo, an sa masa roba a hanci. Ɗakin cike: mijin Auta, 'yan'uwan mijin, da yayar Mai Hoto, wata tsohuwa mai kallon mutum kamar ta san abin da ya ci jiya.

"Farfesa," ya ce, muryar a shaƙe. "Ka biyo matarka?"

"Ta daɗe a aljihunka."

Ya yi wa Auta alama da ido. Ta ciro jakar ledar daga rigar da ke rataye ta miƙo min. Ko lanƙwasa hoton bai yi ba.

"Aro ne fa, zan sake karɓa," ya ce. "Akwai wani dutse can ƙasa da ban gwada ba."

Na buɗe baki. Na dubi surukan, na dubi tsohuwar, dukansu sun zuba min ido. Ban ga dalilin da zai sa waɗannan mutane su san abin da ya faru da farin wandona ba. Na ce a raina, sai ɗakin ya yi sauƙi.

"Warke tukuna," na ce.

Ya rasu washegari da hantsi, ina cikin mota a hanyar zuwa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Auta ta kira ni in ɗebi abin da nake so cikin littattafansa. Ba su da yawa, kuma ba na kirki. An kwashe tebur, an naɗe shimfiɗa. Ledojin ƙarshe kaɗai ke manne a taga, rana na bugun su. Bakar ƙofar tana shawagi, ba ta zauna a kan ginshiƙanta ba. Matata na tsakiya tana dariya. Kuskuren ya ture ni daga inda aka tsayar da ni, ya ajiye ni a gefenta, tsoho da sanda, fuska a murtuke, kafaɗata na taɓa tata.

"Bai hau ba ko, Kawu?"

"Bai hau ba."

"In ɓare?"

"Bar shi."

Ta fita da kwali a hannu. Na tsaya har rana ta bar tagar, ledar ta koma leda.

Ba gangare ba ne, Mai Hoto. Durƙusawa na yi.