Gilasan da Inna Asabe ta Wanke

An sanar da horo a Sakkwato ga masu duba jini da madubin likita, kuma dole mai nema ya kawo gilasan da ya shirya. Nawa suna ɗauke da jinin yaran wata ruga kusa da Shinaka, mai wata ƙwayar cuta da ban taɓa gani ba. Na jera gilasan su bushe.

Ina dawowa daga sallar azahar na tarar Inna Asabe, mai sharar asibitinmu, ta wanke su da sabulu, kamar yadda muka saba saboda ƙarancin gilashi.

"Mi ya faru, Ƙasimu? Ba su fita ba?"

"Sun fita, Inna."

Rugar kuwa ta watse bayan hari. Ban san inda yaran suke ba.