Tikiti Ya Ƙare

Auta na goge kujerar ƙarshe a layin gaba lokacin da Ciyaman ɗin kwamiti ya shigo zauren yana fifita da takarda.

"Ƙarfe biyar saura, ranka ya daɗe," ta ce. "Ƙarfe huɗu muka rubuta. Ina mutanen?"

"Suna tafe. Manya ba sa sammako. Ke dai kwantar da hankalinki, tikiti ya ƙare tas tun ranar Laraba."

Bai yi ƙarya ba. 'Yan kwamitin mutane ne da suka san ƙofar kowane ofis, kuma ofis-ofis ɗin suka bi da tikitin. Mai gidan mai ya sayi hamsin ya jefa a aljihun tebur. Wani manaja ya sayi ɗari, aka ɗauke shi hoto yana murmushi. Kafin mako ya zagayo kujeru ɗari huɗu duk sun samu masu su. Don murna, Ciyaman ya sa aka sanar a rediyo cewa wuri ya cika, kada kowa ya wahalar da kansa.

Abin da ake nema don aikin ƙafar babanta ya haɗu. Ciwon sukari ya riga ya cinye masa idanu, yanzu ya sauko ƙafar dama, likita kuwa ya ce kada a wuce mako biyu. Sai dai baban nata, Mai Jita, wanda ya shekara talatin yana kiɗa a irin wannan zaure, ba ya karɓar sadaka. "Ban yi bara ina gani ba," in ji shi, "ba zan fara don na makance ba." Da ƙyar Auta ta shawo kansa: ba taimako ba ne, wasa ne. Zai kaɗa, su saurara, su biya.

Ta fita bakin get. Maigadi na zaune a kan benci, ya saka wa ƙofa sarƙa.

"Baba, babu wanda ya zo ne?"

"An zo mana! Direbobi, teloli, har da wata tsohuwa da ta riƙo kaset ɗinsa a cikin leda. Na ce tikiti. Suka ce a sayar musu. Na ce ya ƙare."

"Sai ka kore su?"

"'Yar nan, abin da aka ce in yi na yi. Da na bar su sun zauna a kujerun manya, da yanzu ni ake zagi."

Ta leƙa titi. Babu kowa sai motoci.

Da ta koma ciki ta ƙirga kawuna. Goma sha bakwai, har da mai ɗaukar hoto da direban da manaja ya aiko ya wakilce shi, wanda tuni ya yi barci. Ciyaman ya koma lungu yana waya, yana cewa "ba komai, ranka ya daɗe, ai ka riga ka yi mai wuyar."

A ɗakin baya babanta na zaune cikin farar rigar da ta goge masa da safe, jita a kan cinya, ƙafar a naɗe da bandeji.

"Uwata, ban ji hayaniya ba."

"Masu ilimi ne, Baba. Ba sa surutu."

"Na ga masu ilimi a zamanina. Sun fi kowa surutu."

Ta kama hannunsa ta hau da shi dandamali, ta zaunar da shi. Mutum goma sha shida suka yi tafi iya ƙarfinsu, Allah ya saka musu. Auta ta sunkuya ta raɗa masa, "A cike yake maƙil."

Ya ja tsirkiya ɗaya, ya karkata kai. Sautin ya tafi har bangon ƙarshe, bai tarar da rigar kowa a hanya ba, ya dawo masa kamar yadda ya tafi.

"Su nawa ne?" ya ce a hankali.

"Baba..."

"Ido na rasa, Uwata. Zauren da ya cika ba ya mayar wa mutum da magana. Su nawa?"

"Sha bakwai."

"Har da mai minsharin can?"

"Har da shi."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya gyara zaman jitar.

"To, ki ce su matso gaba, kujerun manya ba sa cizo. Ki kuma gaya wa Ciyaman, kuɗin mutum sha shida zan karɓa. Sauran a mayar wa masu shi."

"Baba, likita ya ce mako biyu."

"Na ji shi. Kunnena lafiya lau."

Ya fara kaɗawa. Auta ta tsaya a gefen labule, hannunta a kan baki. Yatsunsa ba su manta komai ba, kuma a ƙarƙashin kujera ƙafar nan mai bandeji tana buga ƙasa a hankali, tana riƙe masa kiɗan.