Ɗigon da Malama Ta Manta

Ni mai walda ne, karatuna bai wuce firamare ba. 'Yata ta fari ce ta yi nisa, har wata sakandare ta ɗauke ta koyar da kimiyyar sinadarai, amma a kan gwaji. Shugaban sashen kimiyya zai shiga ajinta ya kalli darasi, bakinsa ne zai sa a tabbatar da ita ko a sallame ta. Tun da na ji haka abinci ya daina yi mini daɗi.

Shugaban sashen dattijo ne, ɗalibai suna kiransa Malam Tsami a bayan idonsa. Ra'ayinsa sananne ne: sinadari da hannu da hanci ake koyonsa, waya kuwa abin wasa ce.

Ana cikin haka yarinyar nan ta zo shagona da zane a takarda.

"Baba, ƙarfe nake so ka haɗa mini mai riƙe waya. Kayan gwajinmu saiti ɗaya ne, aji kuma cike yake. 'Yan gaba kaɗai ke gani. Zan saita kyamarar wayar a kan kwalbar gwajin, majigi ya haska a bango."

"Uwata, ki bari a tabbatar da ke mana, sai ki yi rigimarki."

"In na ɓoye yadda nake koyarwa, wa zai tabbatar? Wata ce daban."

Mahaifiyarta ta ce mini, "Taurin kan naka ne, sai ka haɗa mata."

Ranar kallon darasin na kai ƙarfen da kaina. Teburin ɗakin gwajin duk ya ci wuta, gefe ɗaya ya lotsa, ƙarfen ya ƙi tsayawa. Dole na tsaya na riƙe shi da hannu. Malam Tsami ya shigo, ya dubi majigin, ya dube ni da rigar aikina.

"Har da ɗan kallo aka gayyato?"

"Mahaifina ne, Malam."

Ya ja kujera can baya ya zauna.

Kwalbar ta fito a bango ƙatuwa kamar randa. 'Yata ta yi bayani: ruwan da ke cikin dogon bututun gilashin zai riƙa ɗiga cikin kwalbar, in ma'auni ya yi daidai, launi zai juya ya yi ja-ja. Ta buɗe ɗan famfon. Ruwa yana ɗiga, yana ɗiga, bututun ya kusa rabi, kwalbar tana nan garau. Na ga gumi a goshinta. Na ƙara ƙanƙame ƙarfen.

Sai wata ɗaliba daga layin ƙarshe ta ɗaga hannu.

"Malama, ba ki sa ɗigon nan mai nuna launi ba! Ga 'yar kwalbarsa can, murfinta a rufe."

Aji ya ɗauki hayaniya, "Wallahi haka ne!" Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, ƙarfena ya tona mata asiri a gaban kowa.

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Kin kama ni. Taso ki yi mana daga farko." Ta wanke kwalbar, ta tsaya a gefe. Yarinyar ta auna, ta ɗiga, ta riƙe famfon a hankali. Can wani ɗigo ya faɗa, bango ya yi ja-ja. Ɗakin ya kaure da ihu.

Da aka tashi, Malam Tsami ya taho yana jan ƙafa.

"Mantuwa irin wannan, da a zamaninmu ne, da kin sha faɗa."

"Na sani, Malam."

"Amma tun da na fara koyarwa, ɗan layin baya bai taɓa gyara mini komai ba. Ba ya ganin abin da zai gyara." Ya dubi bangon. "Zan sa hannu. Sharaɗina, kullum ɗalibi ne zai riƙe famfon, ba bango ba."

Ya juyo gare ni. "Kai kuma Maigida, saki ƙarfen nan haka, an gama."

Sai a lokacin na lura har yanzu ina ƙanƙame da shi. Na fita bakin ƙofa na kira mahaifiyarta a waya. Maigadin makarantar ya tambaye ni ko gyara na zo yi. Na ce masa a'a, ni ne baban Malamar sinadarai.