Mai Zare Tsumma a Kafar Iska

Inna ta iso daga Jiratawa washegarin haihuwata, da buhun albasa, da kanwar kunu, da laka a leda don gyaran murhu. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaga kai ta hangi kafofin iska guda biyu da magini ya bari a saman bangon ɗakina, irin bulon nan mai huda-huda. Ta tambaye ni ko mu kaji ne da aka gina mana akurki. A tsakiyar sanyi muke, kuma gaskiya iska na saukowa daga can kai tsaye bisa gado, har gashin kan jaririn yana motsi. Inna ta yayyaga wani tsohon zanena, ta hau turmi ta cusa a kowace huda. Ta shigo da kasko cike da garwashi ta tura ƙarƙashin gado, ta ja ƙofar ƙarfe, ta saki labule. A wurinta mai jego da iska ba sa gamuwa sai bayan arba'in, kuma da haka ta raine mu duka.

Maigidana Idirisa ɗan kabu-kabu ne, mai haya da moto, kuma a Maraɗi kaf ban ga mai kunyar suruka kamarsa ba. Tunda Inna ta zo ya koma zaure da kwana. In zai gaishe ta sai ya durƙusa bayan labule, murya ƙasa-ƙasa. In ya hango ta a tsakar gida sai ya juya kamar ya yi mantuwa, ko ruwa ba ya sha a gabanta. Inna kuwa abin yana yi mata daɗi, tana cewa ga yaron da aka yi wa tarbiyya. Ni ce a tsakiya, don ko magana biyu ba ma yi da shi sai Inna tana zaune. Wayar salular ma ta karɓe ta ɗaure a bakin zane, wai hasken yana ɓata idon mai jego. Babbar ɗiyarmu an kai ta Tsibiri wajen uwar Idirisa, saboda haka gidan shiru sai kukan Inusa, jaririn, wanda aka sa wa sunan ƙanin Idirisa da ya rasu tun kafin aurenmu.

Bayan suna abin ya fara. Wata safiya muka tashi muka ga kafa ɗaya a buɗe, tsumman babu, ba a ɗaki ba, ba a lungun da ke bayan bango ba. Inna ta ce ɓera ne, ta cusa wani. Washegari ma haka, jibi ma haka. To wane irin ɓera ne zai dinga hawa bango yana zaɓar zanen atamfa, ko zare ɗaya bai bari ba? Inna ta daina zancen ɓera, ta koma kallon bango tana cije baki.

Abin da ya tsorata ni shi ne jikinmu. Da safe sai in tashi garau. Amma da zarar an yi wankan safe, Inna ta mayar da tsumma ta zubo sabon garwashi, kafin azahar kaina ya fara sara kamar ana daka a ciki. Inusa kuma sai ya yi wani irin barci mai nauyi, in sa masa nono ya kama ya saki, in taɓa tafin ƙafarsa da ƙyar ya motsa. Inna ta lissafa mini: an saci zane da dare, da rana ciwo ya sauka. Ta ce wanda ke neman tufar da ta taɓa jikin mai jego, ba sai an tambaye shi abin da zai yi da ita ba. Na rungume yarona.

Lungun nan mu biyu ne da shi, mu da Batula, matar Malam Bulus mai koyarwa a lakwal, makarantar boko. Mun zauna lafiya da ita shekara da shekaru, ranar Kirsimeti ta aiko mana shinkafa, ranar layya in aika mata cinya. Ana cikin wannan hali ta shigo da kunu, ta tsaya daga bakin ƙofa tana fifita da mayafi. Ta ce ɗakin ya yi nauyi, da mun bar kafa ɗaya a buɗe, ko mu fitar da kaskon in ɗakin ya ɗumama. Sannan ta tambaye ni yaya ciwon kan.

Tana fita Inna ta zubar da kunun a kwata.

"Wa ya gaya mata kanki na ciwo?"

Ban gaya wa kowa ba sai Inna, a cikin ɗakin nan. Daga ranar in Batula ta yi sallama sai Inna ta ce muna barci. Ni ma da bakina na daina amsa gaisuwarta ta kan katanga. Inna ta barbaɗa toka a lungu don ta kama sawu, sai da safe muka tarar an share wurin tas da tsintsiya. Ta ce kin gani, aikin mace ne.

Ashe da sauran kallo. Wata rana na fito zan zagaya, Idirisa yana masallaci, ya bar moto a tsakar gida da kujerar a ɗage. Idona ya faɗa cikin ramin da yake ajiye ƙarafan gyara. Ga yankunan zanena nan, a ninke ɗaya bisa ɗaya, an ɗaure su da roba.

Ranar ko kunun kanwa ban iya haɗiyewa ba. Na tuna labaran da ake yi a unguwa na masu neman arziki ta hanyar boka, waɗanda ake ce wa su kawo abu mafi soyuwa a gidansu. Na tuna yadda yake ta mafarkin sayen moto tasa ta kansa. Na tuna kuma ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ya kashe ƙaninsa, sai dai a ce ya kwanta bai tashi ba. Da yamma ya zo ya durƙusa bayan labule kamar kullum, yana tambayar ya mai jiki, ya yaron. Na kalli inuwarsa a labulen na ji kamar ban taɓa saninsa ba. Ban gaya wa Inna ba, don na san ta: kafin gari ya waye ta ɗaure kayana mun kama hanyar Jiratawa, aure ya ƙare a nan. Na dai daina ajiye Inusa ko na minti ɗaya.

Inna ce ta ce ta gaji da ciyar da ɓarawo. Ta ɗauko ragowar lakar murhu ta kwaɓa da toka, ta hau turmi da hantsi ta shafe kafofin nan biyu daga ciki, ta lailaye da tafin hannu har ba ka gane an taɓa yin huda a wurin. Ta sauko tana haki, ta ce yanzu sai a zo a zare mu gani. Wallahi daɗi na ji.

Bayan la'asar aka yi wankan yamma. Sanyi ya sauko da wuri, Inna ta cika kasko fiye da kullum, ta rufe ƙofa ta toshe ƙasanta da buhu. Ɗakin ya yi ɗumi mai daɗi. Na jingina ina ba Inusa nono, Inna tana zaune bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu tana jan carbi. Can na ga carbin ya tsaya, kanta ya langaɓe. Na duba yaron, bakinsa ya saki nono, hannunsa ya sauka. Na so in girgiza shi, sai na ji nawa hannun kamar na aro.

A lokacin na ji ƙwas-ƙwas a bango daga lungu, kamar ana tsokanar busasshiyar laka da sanda. Na ce a raina ga shi nan, yau ko duhu bai jira ba. Na buɗe baki in kira Inna, harshe ya ƙi. Ƙwanƙwasar ta tsaya. Sai duka mai ƙarfi, laka ta fara zubowa bisa gado, haske ya ɓullo. Sai gudu ta zaure, sai ƙofa ta bugu da bango.

Idirisa ne, ba sallama, da takalmi a ƙafarsa. Mutumin da bai taɓa yarda inuwarsa ta taɓa Inna ba, ya tsallake ƙafafunta. Ya durƙusa ya jawo kaskon da hannu tsirara, ya fita da shi ya watsar a tsakar gida. Ya dawo ya zare Inusa daga jikina. Na riƙe zanen goyon da ɗan ƙarfin da ya rage mini, don har lokacin ban yarda da shi ba.

"Saki, Fadila. Hayaƙi ne. Saki ya sha iska."

Batula ce ta ja ni waje, ta koma ta jawo Inna. Ina kwance a ƙasa ina amai na ga ta haye bayan moto da yarona a ƙirjinta, Idirisa ya kama kan moton da hannayen da suka soma tashi saboda ƙuna. Malam Bulus ya tsayar mana da wasu kabu-kabu muka bi su gidan likita. Duk tsawon hanyar ba abin da nake faɗi sai sunan yaron. Muna shiga na ji kukansa daga wani ɗaki, kuka mai ƙarfi na mai jin yunwa, rabon da in ji irinsa tun ranar suna. Na zauna a ƙasa ina kuka ni ma.

Wata ma'aikaciyar likita ta ce garwashi na fitar da wani hayaƙi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, in ɗaki ya rufu sai ya sa mutum barci ya wuce da shi. Inna ta ce ita a kan garwashi ta yi jego bakwai. Matar ta tambaye ta wace irin ƙofa ce da ɗakinta na ƙauye. Inna ta ce asabari ne, wanda iska ke ratsawa.

A bencin likita Batula ta gaya mini sauran. Idirisa ne ya ji ina yi wa Inna kukan ciwon kai yana bayan labule, ya je ya roƙe ta ta zo ta faɗa a matsayin maganarta, don shi bakinsa ba zai iya gyara wa surukarsa aiki ba. Da abin bai karɓu ba ya ci gaba da zare tsumman da ƙugiyar waya. Ƙaninsa Inusa gadin wani shago yake yi a Tsibiri, ya kwana da kasko a lokacin sanyi, kuma Idirisa ne ya ɓalle ƙofar da safe. Na tambaye shi daga baya abin da ya sa yake tara yankunan zanena a moto. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce zanen da ya taɓa jikina, zai yar a lungu wani ya tsinta ya yi mini wani abu da shi?

Da muka dawo gida Inna ta ƙwaƙule sauran lakar da kanta. Kasko ya koma tsakar gida, sai dai a gasa bargo a kansa a shigo da shi. Amma iskar nan tana nan tana sauka, don haka Inna ta jawo tabarmarta ƙarƙashin kafofin, ta matsar da gadonmu, ta kwana tana tari. Ba ta ce wa kowa ya yi haƙuri ba, sai dai ta aika wa Batula rabin buhun albasa.

Idirisa ya sa kafinta ya yanko katako biyu da za a kafa a karkace gaban kowace kafa, ƙasa a manne, sama a buɗe, yadda iska za ta shigo ta haura rufi maimakon ta faɗo kan gado. Hannayensa na naɗe da bandeji, ba ya iya riƙe komai. Kafintan ya nemi wanda zai tallafe masa katakon, kafin in motsa Inna ta haye turmi. Idirisa yana tsaye bakin ƙofa, shi ne zai ce ya daidaita ko bai daidaita ba, amma idonsa na kan takalminsa. Inna ta jira, tana tallafe da katakon.

"Ɗago kanka ka duba, yaro," in ji ta. "Kunyarka da taurin kaina sun kusa cinye mini jika."

Ya ɗago a hankali. Ya ce a ɗan ƙara sama kaɗan, Inna, ta ɗaga. Kafinta ya buga ƙusa, ƙarar ta tada Inusa ya tsala kuka, ba wanda ya yi saurin lallashinsa.