Gyaran da Yaya Ya Ɓoye

Ofishin Injiniya a ma'aikatar lafiya asalinsa sito ne. An kwashe kwalayen safar hannu aka saka masa tebur da fanka mai ƙugi da kwamfutoci biyu, ɗaya ba ta tashi sai an ɗan bubbuga mata baya. A nan ya rubuta manhajar awo, wadda ke riƙe bayanan mata masu ciki, ta tura musu saƙo a waya idan ranar komawa asibiti ta zo, ta kuma nuna wa ma'aikaciya wadda ba ta zo ba don a bi ta gida. Matarsa ce ta jawo aikin. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, kowa Sista yake ce mata har shi mai gidan, kuma ya gaji da jin mitarta a kan katunan awo da ɓeraye ke ci.

Da manhajar ta tsaya da ƙafarta, sai ya ɗora ta a dandalin da masu irin sana'arsa ke ajiye aikinsu a buɗe. Kowa zai iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ƙara, abin da ake so kawai ya dawo da abin da ya ƙara don wasu su amfana. Daraktan ma'aikatar ya ce masa ya yi wauta. Injiniya ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiya ba ta ƙafewa don maƙwabta sun ɗiba." Ya ji daɗin maganar har ya maimaita ta a gida.

Wanda ya fara jefa guga ƙaninsa ne, Auta. Likita ne a wata ƙasa maƙwabciya, yana kula da ƙananan asibitocin karkara. Auta bai iya rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba, amma ya iya baki, ya iya shiga ofis ya fito da abin da ya je nema. Ya samo matasa masu kai, suka ƙara mata abin da Injiniya ya daɗe yana cewa zai yi: ta yi aiki ko babu sabis, ta ajiye bayanai sai an samu ta tura. Suka sa mata murya mai karanta saƙo ga matan da ba su iya karatu ba, suka canza mata launi da suna. Kafin a ce kwabo, wasu ƙasashen sun ɗauka, kuma ta wajen Auta suka ɗauka.

Wata Asabar Injiniya ya je gaida mahaifiyarsu, ya tarar da ita ta matso da kujera gaban talabijin har hancinta na neman taɓa gilashin. Auta ne ake hira da shi, sanye da farar riga, an rubuta a ƙasa wai likitan da ya ƙirƙiro manhajar ceton iyaye mata.

"Babba, zo ka ga ƙaninka!" in ji Umma. "Kai ma ai irin wannan aikin kake taɓawa, ko? Ka riƙa tambayarsa ya nuna maka."

Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo a hannu. A talabijin Auta yana cewa asalin aikin na yayansa ne, amma mai tambayar ta riga ta juya ga wata magana, Umma kuma ta tashi neman waya don ta kira ƙawayenta.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," ya faɗa wa Sista da ya koma gida.

"Ai ya ambace ka."

"Kamar yadda ake ambaton direba idan an sauka lafiya."

Daga ranar ya ɗauki wata ɗabi'a. Da ya shiga ofis, kafin ya buɗe aikinsa sai ya buɗe shafin Auta a dandalin, ya ga su wa suka yaba, su wa suka shigo sabbi. Ya riƙa karanta rubutun matasan nan, yaran Auta, layi layi, ba don ya koya ba, sai kamar mai duba ɗinkin telan da ya ƙwace masa masu kawo ɗinki. Abin haushin, aikin yana da kyau.

Sai wata rana ya samu abin da yake nema. Don gudun kada a rubuta mace ɗaya sau biyu, yaran sun sa manhajar ta ɗauki lambar waya a matsayin shaidar mutum. Idan mata biyu suka ba da lamba ɗaya, sai ta haɗe su, ta baya ta shafe ta farko. Injiniya ya jingina da kujera. Ya sani daga bakin Sista cewa a unguwa guda mata da yawa lambar mai shago ko ta wani maƙwabci suke bayarwa. Gyaran bai fi aikin yini ɗaya ba. Ya buɗe wajen rubuta ƙorafi, ya rubuta gaisuwa, ya tsaya. Ya tuna farar riga da kujerar Umma. Ya goge, ya rufe.

"Masu ƙirƙira ne ai," ya faɗa wa fankar. "Su gano."

Ba a daɗe ba Darakta ya kira shi. Ya dawo daga wani taro a waje, fuskarsa sai sheƙi take.

"Injiniya, na ga wata manhaja, abin sai wanda ya gani! Ko a ƙauyen da babu sabis aiki take. Ita za mu koma. Kai za ka zagaya ka saka mana."

"Ranka ya daɗe, tawa ce. Ita ce dai suka yi wa kwalliya."

"To madalla, ka ga ba za ta ba ka wahala ba."

Haka ya shiga motar ma'aikata yana bin asibitoci, yana cire tasa yana saka ta ƙaninsa. Amma kafin ya fita, ya zauna ya toshe ramin nan na lambar waya a kwafin da zai saka, ya sa a riƙa haɗawa da suna da shekaru da unguwa. Bai mayar da gyaran dandali ba. Ya bar shi a kwamfutarsa, ya ce a ransa matan ƙasarsa ne haƙƙinsa, sauran kuma suna da likitansu mai shiga talabijin.

Abin da ya fi ci masa rai Sista ce. Ta dawo aiki tana yabon sabuwar, wai yanzu ko wuta ta ɗauke ba ta tsayawa, wai tsofaffin mata har dariya suke idan wayar ta yi musu magana.

"Tawa ba ta yi miki ba kenan duk shekarun nan?"

"Injiniya, yaro ne ya girma ya yi gemu. Sai uban ya yi fushi?"

"Idan a gidan wani ya yi gemun, ana kiransa da sunan wani, eh."

Ta dube shi, ta ci gaba da ninke kayan yara.

Bayan wasu watanni ƙafar Umma ta matsa mata, Auta ya zo dubiya. Aka haɗu a falonta da rana, aka shimfiɗa tabarma, aka jera kwanuka. Auta ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tsokani Sista kamar yadda ya saba, wai har yanzu ba ta ciyar da yayansa, ga shi sai tsawo kamar sandar tuta. Ta ce ai shi ma da alama talabijin ba ta ƙosarwa. Aka yi dariya, ban da Injiniya.

Suna cikin ci Auta ya ajiye cokali.

"Yaya, akwai abin da ya hana ni sukuni. Mata suna ɓacewa daga manhajar. Za a rubuta mace, a dawo a neme ta, babu ita, kamar ba ta taɓa zuwa ba. Yarana sun duba har sun gaji, suna cewa laifin ma'aikata ne."

Injiniya ya ci gaba da tauna. 

"Akwai wata da aka kawo mana kwanan baya," in ji Auta. "Tun zuwanta na farko an ga jininta ya hau, an sa ta cikin waɗanda za a bi gida. Ta ɓace daga jerin, babu wanda ya je. Sai a kan kurar ɗaukar kaya aka turo ta tana jijjiga. Ita mun samu ta tashi." Ya ture kwanonsa gefe. "Ɗan bai zo da rai ba."

Umma ta yi salati. Sista ta ce, "Ikon Allah. Mu kuwa tamu ba ta taɓa ɓatar da kowa ba. Ga mata nan rututu da lambar mai shago ɗaya, kowace da shafinta."

Auta ya ɗago. "Lamba ɗaya? Anti, ai manhaja ɗaya muke amfani da ita."

"Ita ce mana. Yayanka ne ya saka mana da hannunsa."

Tana rufe baki ta juya ta kalli mijinta. Shekarun da suka yi tare sun isa ta karanta fuskarsa. Auta ma ya kalle shi. Umma kaɗai ce ba ta gane ba, tana ta tura wa Auta nama gabansa.

"Lambar waya ce," in ji Injiniya, idonsa a kan kwano. "Kun mai da ita shaidar mutum. Mace biyu, lamba ɗaya, sai ɗaya ta cinye ɗaya."

"Ka gyara a taku?"

"Na gyara."

 Auta bai tambaye shi tun yaushe ya sani ba. Ya tashi ya wanke hannu, ya fita tsakar gida, suna jiyo shi yana kiran yaransa a waya, yana cewa a dakatar da komai a fito da tsofaffin katuna a bi mata gida gida.

A mota, da suka tsaya a danja, Sista ta juyo ta dube shi.

"Da a asibitina ne fa?"

"Ai na gyara naku."

"Na ji. Ita waccan ba ta da miji mai kwamfuta, shi ne laifinta?"

"Ba ni na rubuta kuskuren ba, Sista. Ban ma san ko shi ne ya jawo na matar nan ba."

"Ba ka sani ba," ta ce. "Kuma ba za ka taɓa sani ba. Ka ji da wannan."

Mai motar baya ya danna ham. Injiniya bai nufi gida ba, ya juya ya ɗauki hanyar ma'aikata. Mai gadi ya yi mamakin ganinsa ranar hutu. Sista ta zauna a kan kwalin takardu, jaka a cinya, ta zuba masa ido har ya ɗora gyaran a dandali, ya rubuta bayanin yadda za a dawo da matan da aka shafe, ya tura wa duk ƙasashen da suka ɗauka.

Kwana biyu bayan haka Auta ya yi rubutu a dandalin. Ya ce kuskuren daga wajensu ne, shi ke da alhaki, ya ba da haƙuri, ya bayyana abin da ya faru ba tare da ɓoye komai ba sai abu ɗaya: cewa yayansa ya daɗe da sanin kuskuren. Ya ce wanda ya gano ya kuma gyara shi ne yayansa, mai asalin manhajar, kuma daga yau babu canjin da zai shiga sai yayan ya duba ya amince.

Injiniya ya karanta a ofis, ya gangara ƙasa wajen sharhi. Mutane daga ƙasashe daban daban sun yi ta rubutu. Wannan ya ce ga shugaba na gari mai karɓar laifi. Wancan ya ce da duk likitoci haka suke da an huta. Can ƙasa wani ya rubuta, a taƙaice, an gode wa yayan likita.

Yayan likita. Ya ji abin nan ya taso masa daga ciki, ɗaci ɗaci, sabo fil kamar ranar farko. Ko laifi Auta ya ɗauka sai ya yi masa kyau kamar sabuwar riga.

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ne.

"Yaya, ka ga abin da na rubuta?"

"Na gani."

"Ba don na wanke ka na yi ba. Har yanzu ban iya kallon fuskarka ba, gaskiya. Amma babu wanda ya san cikin abin nan kamarka, kuma ba zan sake binne ɗan wani saboda ni da kai ba. Za ka karɓa?"



"Yaranka suna rubutu kamar ana korarsu," in ji Injiniya. "Ka faɗa musu ba na karɓar aiki babu bayani."

"Zan faɗa musu."

"Kuma launin nan da kuka saka, kamar rigar 'yan makaranta."

"Launin yana nan, Yaya. Mata sun saba da shi."

Auta ya kashe wayar. A allon kwamfuta canje canje sun riga sun fara shigowa daga yaran, suna jiran amincewarsa, kowane da sunan manhajar da Auta ya raɗa mata a samansa. Injiniya ya ja kujera, ya buɗe na farko. Aikin wata yarinya ne, kan yadda za a riƙa tuna wa mata ranar rigakafin jarirai. Ya karanta daga sama har ƙasa yana neman inda ta yi tuntuɓe, ya sake komawa. Bai samu ba. Ya ja tsaki, ya danna amincewa, ya buɗe na gaba.