Amortisa Masu Taushi Don Inna

Attahiru ya dawo daga Abijan da jar mota mai gudun tsiya, ya sa mata amortisa masu tauri, wato ƙarafan da ke rage jijjiga, don ta riƙe hanya. Ranar da ya kai mahaifiyarsa Tabotaki, ta sha jijjiga a kan duwatsu. Ta sauka dafe da ƙugu, amma albarka kawai ta sa masa.

Washegari ya nufi gareji a Madawa.

Makanike ya ce, "In na sa masu taushi, ka bar shan kwana da gudu hwa."

"Sa su."

Da ya koma ɗauko Inna, ta shiga da ƙwaryar nono a cinya. Kafin Buza barci ya kwashe ta, nonon ko ɗigo bai zuba ba. Attahiru ya rage rediyo, ya bar masu babur suna wuce shi.